Dija Ta Koma Aji a Gaban 'Yar Fari

Duk macen da ta taɓa kai yaro awo ƙaramin asibitin Yargalma ta san Dija, in ma ba ta riƙe sunanta ba to ta riƙe muryarta, don tun daga bakin hanya ake jin ta tana kiran layi. Gajeruwa ce, mai saurin ƙafa da saurin dariya, kuma ba ta iya ɗora jariri a kan sikeli ba tare da ta tsokani uwarsa ba. In yaro ya yi nauyi ta ce a riƙa rage wa maigida ko da ƙanzo ne. In bai yi ba ta ɗaure fuska ta tambayi wa ke lashe abincin tamowar da aka bayar. Shekara goma sha huɗu tana wannan aiki: awo, rubuta kati, danne yara lokacin allura, da fassara wa matan Fulani abin da Malam Surajo, shugaban asibitin, yake nufi in ya ɗauko dogon bayaninsa. Ita ba likita ba, ba nas ba, ma'aikaciyar wucin gadi ce kawai. Amma je ka gaya wa matan garin haka, ka ji abin da za su gaya maka.

A Gwashi aka haife ta, gidan noma da kiwo, inda ake Hausa a tsakar gida a yi Fulatanci a wurin shanu. Ta yi sakandaren 'yan mata a Gummi har ta gama, ta ci komai a jarrabawar fita, sai turanci shi kaɗai ya kayar da ita. A lokacin ko a jikinta, don Arzika, wani manomin gero na Yargalma mai wushirya da sanyin magana, yana ta zarya gidansu, ita kuma ba ta ƙi ba ko kaɗan. Aka yi biki. Shekara na zagayowa ta haifi mace, aka sa mata Raihana, da lokacin yaye ya yi aka kai ta Gwashi wurin kakarta, Inna Habsu, can kuma ta tashi.

To a gidan su Dija kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka raɗa wa yarinyar suna, sunan bai taɓa fitowa daga bakin uwarta ba. Ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonta ba, ba ta taɓa ce mata "ke" ba. In zance ya kama dole sai ta ce "waccan", ko "yarinyar Inna". In Raihana ta zo gaisuwa, Dija kan juya wa turmi ko rumbu fuska ta amsa, sannan ta gaya wa iska cewa a ci abinci. Ita kuma Raihana kakarta take kira Inna, uwar da ta haife ta sai ta ce mata Adda. Wanda bai sani ba zai ce ƙiyayya ce, kuma ya yi ƙarya. Duk atamfar da ta fi kyau a akwatin Dija Gwashi take ƙarewa, ta hannun wani, ba a ce ga wanda ya aiko ba.

Shekarar da gubar dalma ta faɗa wa garin, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gidaje ba a san ƙurar tana kisa ba, Dija ta rasa ɗanta Naziru yana da shekara biyu. Wannan ba wurin dariya ba ne, ita ma ba ta cika taɓo zancen ba. Da likitocin waje suka zo aka rasa macen da za ta shiga tsakaninsu da iyaye mata, sai wani ya tuna matar Arzika ta yi boko. Ta shiga aikin da ido a kumbure da ɗan turancin makaranta da ya yi tsatsa. Kafin su tafi ta haɗa wani sabo nata na kanta, ta tsinci na wannan ta tsinci na wancan, turanci mai gudu babu birki. Kowa na fahimtarta sarai. Sai dai shi turancin Dija ba ruwansa da jiya ko gobe, komai a yau yake faruwa. Da suka tafi aka bar ta a asibitin garin, kuma aikin nan ne ya ɗaga ta daga tabarmar makoki ya sa ta sake dariya.

Ana nan, da faɗuwar damina, sai takarda ta zo daga ofis. Za a mayar da ma'aikatan wucin gadi na dindindin, amma sai wanda ya kawo sakamakon sakandare mai kiredit a turanci, kafin Litinin ta ƙarshe a watan Maris. Wanda bai kawo ba za a sallame shi da godiya. Malam Surajo ya karanta mata a tsaye, ya sake karanta mata a zaune. Dija ta yi dariya ta ce ashe tsohon abokin gaba bai mutu ba, shekara ashirin da uku yana laɓe yana jiranta. Amma da ta koma gida ta kasa cin tuwo. Ta yi ta ƙoƙarin hango kanta da safe babu sikeli, babu layi, babu kukan yara, ta kasa, kuma tsoro ya kama ta ƙwarai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, sai ta aika aka sayo mata littafin tambayoyin baya a kasuwar Gummi, ta kai wa Malam Surajo ya taimaka. Ya buɗe, ya gyara tabarau, ya dubi shafi ɗaya na tsawon lokaci, sai ya tuna yana da ɗaukar maganin rigakafi a Anka. Turancinsa na jikin kwalin magani ne, kuma ya san iyakarsa. Ta gwada ita kaɗai mako biyu. Kowace tambaya amsa huɗu gare ta, kuma duk huɗun sai su yi mata kama da gaskiya.

Arzika ne ya ga abin ya isa. Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago kai ba, ya ce, "Yarinyag ga ta wurin Inna, ba turanci tak karanta ba?"

Ai kuwa shi ta karanta. Raihana ta gama kwalejin horon malamai, tana koyar da turanci a wata makaranta a Bukkuyum, kuma duk Yargalma an sani. Dija ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ya rufa mata asiri, gara ta koma tallan fura. Arzika ya ci gaba da gyaran ƙotarsa, amma ranar kasuwa zance ya isa Gwashi. Inna Habsu, wadda ita ce da hannunta ta dasa wa Dija kunyar nan, ta aiko da saƙo gajere: ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar Jumma'a da la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke Raihana a ƙofar gida da jaka cike da littattafai. Ta yi wa uwarta rajistar jarrabawa tun kafin ta taho, kuma ta ce za ta riƙa zuwa kowace Jumma'a ta koma Lahadi.

Darasin farko abin a biya kuɗi a kalla ne. Aka shimfiɗa tabarma biyu. Dija ta fuskanci rumbu, Raihana ta fuskanci ƙofa, a tsakiya aka dasa Uwani, maƙwabciyar Dija kuma aminiyarta, mai sana'ar ƙuli-ƙuli, wadda ko gaisuwa ba ta iya da turanci ba. Raihana ta karanta tambaya. Tsakaninta da uwarta taku uku ne, Dija ta ji komai da kunnenta, amma sai Uwani ta juyo ta ce, "To, kin ji." Dija ta yi tunani ta ce a gaya wa malama amsa ta biyu ce. Uwani ta juya ta ce ta biyu ce. Raihana ta ce a gaya wa Adda ta uku ce. Uwani ta juya ta ce an faɗi. Haka aka yi ta yi har magariba, tambaya tara kacal aka gama, wuyan Uwani kuwa ya ƙage.

A mako na uku Uwani ta yi murabus. Ta ce gyaɗarta na lalacewa, masu sayen mai sun fara komawa wani gida, kuma ita ba ta ga ranar da za a gama littafi mai kaurin bulo da wannan tafiyar hawainiya ba. Raihana ta dubi ƙasa ta faɗi dokar ajinta cikin ladabi. Daga lokacin da aka buɗe littafi har a rufe shi babu Hausa, kuma ɗalibi dole ya kalli bakin malami, don turanci da ido ake jin rabinsa. In ba haka ba, ita ba ta ga hanyar cin jarrabawa ba.

Dija ta yi mako guda tana juya maganar. Ta kai ƙara wurin Uwani, wadda ke tsaye kan kasko tana tsame ƙuli.

"Kunyag ga da Hausa anka koya miki ita," in ji Uwani, "da Hillanci anka ƙara miki. Wa yat taɓa koya miki ita da turanci?"

Dija ta duba iya tunaninta, ba ta sami kowa ba. Inna Habsu ta hana ta abubuwa da yawa a duniya, amma ba ta taɓa cewa kada ta yi wa 'yar fari turanci ba. Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarma ɗaya. Raihana ta buɗe littafi ta gaishe ta da turanci. Dija ta ɗago kai a hankali, ta dubi fuskar da ta haifa shekara ashirin da biyu da suka wuce. Abin da ta fara gani shi ne wushiryar Arzika, sak, an ɗauko an dasa a bakin yarinya. Dariya ta kuɓuce mata. Ta toshe baki, dariyar ta ƙi tsayawa. Raihana ta yi ƙoƙarin riƙe fuskar malamai, ita ma ta fashe. Suka yi ta yi har da hawaye, babu wanda ya ce ga abin da ake wa dariya. Arzika ya leƙo daga zaure, ya ga abin da ya gani, ya ja da baya a hankali ya koma gona ba tare da ya sha ruwan da ya zo sha ba.

Daga ranar Dija ta zama abin da ta zama. Raihana ta jera mata lokutan turanci: abin da ya wuce, abin da ya wuce tun kafin wancan ya wuce, da abin da aka fara tun tuni har yau bai ga damar ƙarewa ba. Dija ta ce wannan na ƙarshen ta gane shi, ginin ɗakin da Arzika ya yi mata alkawari ne. Kalmomin aikatau masu taurin kai, waɗanda ba sa bin doka in an mayar da su jiya, ta rubuta su da gawayi a bangon madafa tana haddacewa tana tuƙa tuwo. Ruwan Agusta ya wanke su, ta sake rubutawa, ya sake wankewa, kafin damina ta ɗauke sun zauna mata a ka. Ƙananan kalmomin nan da ake liƙa wa aikatau su juya masa ma'ana ta sa musu suna 'yan kanzagi, kuma har aka gama ba su shirya da ita ba. Da aka zo babin ruwaito maganar wani, wato ya ce a ce, ta ce an ce, sai ta cinye tambaya ashirin babu kuskure ko ɗaya. Raihana ta yi mamaki. Dija ta gaya mata, da turanci, cewa shekara ashirin da biyu take bitar wannan babin.

Sababbin kalmomi kuwa goma take ɗauka kullum, a rubuce a bayan tsofaffin katunan asibiti, cikin aljihun rigar aiki. Jariran Yargalma su suka sha wahalarsu. Yaro na kan sikeli yana tsala ihu, ita tana gaya masa da kalma uku daban-daban cewa shi ƙato ne, sannan ta kawo masa kishiyar kowace. Ta gyara wa Malam Surajo sanarwar da ta shekara shida a manne a ƙofa, ya ce dama yana sane. A gida ta riƙa tarbar Arzika da tambayar ko ya riga ya ci abinci ko yana kan ci ko zai kasance ya ci, shi kuma kowace ya amsa da "yawwa". Har jita-jita ta tashi a bakin rijiya cewa likitocin nan ne suka aiko za su ɗauke ta zuwa ƙasarsu. Ba ta ƙaryata ba sai da ta kwana biyu tana jin daɗin abin.

Amma akwai abin da ba ta gaya wa ko Uwani ba. Don bakin ɗalibi ya saki, Raihana kan sa su yi hira, tambaya da amsa, kuma littafi bai ce ga abin da za a tambaya ba. Da haka Dija ta ji cewa 'yarta, wadda ta tashi a gidan shanu, ba ta shan nono sai dole. Ta ji yarinyar ta taɓa faɗowa daga kan jaki tana shekara bakwai, ga tabon nan a ƙarƙashin ɗankwali, kuma an ɓoye wa Yargalma don kada hankali ya tashi. Ta ji sunan ƙawayenta, da malamin da ya sa ta son turanci, da yadda take tsoron kwaɗi har yau. Kowace amsa Dija kan ɗauke ta ta yi ta juyawa har Jumma'a ta zagayo. Tun daren Laraba take fara tanadin tambayoyi, tana neman kalmominsu a ƙamus. Da zarar an rufe littafi kuwa, sai ta miƙe ta juya wa rumbu fuska ta ce a ci abinci, Raihana ta sunkuyar da kai ta ce to, Adda.

Sau ɗaya ne darasi ya yi nauyi. Suna babin "da a ce", na abin da ya riga ya wuce ba ya gyaruwa, Raihana ta ce ta kawo misali nata na kanta. Dija ba ta shirya ba, jimlar ce ta fito da kanta: da a ce ta san ƙurar nan guba ce, da ta goya Naziru ta kai shi Gwashi. Kowace kalma ta zauna a wurinta. Raihana ta ce daidai ne. Sannan ta tambayi yadda yaron yake, don sau uku kawai ta taɓa ganinsa. Dija ta ba ta labarinsa, a karo na farko da ta ba wani, da turancin da ya koma mata babu birki, kuma ranar malama ba ta gyara ko kalma ɗaya ba.

A Gummi aka yi jarrabawar, cikin Nuwamba. Dija ta sauka gidan wata 'yar ɗakinsu ta makaranta, ta shiga aji cikin samari da 'yan mata, wasu sa'o'in 'yarta wasu ba su kai ba. Mai tsaron jarrabawa ya ɗauka uwar wani ce ta rako shi, ya ce ta jira a waje. Ta zaro katinta ta nuna masa ta ce gemu ba ya hana ilimi, balle ita da ba ta da shi. Ta rubuta wasiƙa, ta taƙaita labari, ta bi tambayoyin nahawu ɗaya bayan ɗaya, ta fito tana cewa ta yi wa turanci dukan kawo wuƙa. Kafin mota ta kai ta gida ta tuno kuskure goma sha ɗaya, ta sauka jiki a sanyaye.

Jumma'ar da ta biyo baya sai ga Raihana da jakarta. Ta ce kada a saki jiki, in sakamako bai yi kyau ba ana iya roƙon ƙarin lokaci a sake zama, don haka gara a ci gaba da bita. Dija ta gaya wa rumbu cewa malama ta yi gaskiya. Aka ci gaba, wata uku da ɗoriya.

Wata Talata a tsakiyar Maris, saura kwana goma sha uku a rufe karɓar takardu, Malam Surajo ya ji a rediyo sakamako ya fito. Ya karɓi lambarta ya tafi gindin tsamiyar bayan asibiti, inda nan ne kawai waya ke kamawa, ya ɗaga hannu sama yana juyi. Ya dawo ya same ta a ɗakin ajiyar magani.

"Dija, kin ci."

"Sake dibawa."

"Na diba sau ukku. Kiredit na, na ƙarshe-ƙarshe, amma kiredit na."

Mace mai shekara arba'in da ɗaya ta yi rawa tsakanin kwalayen magani har ɗankwalinta ya faɗi. Ta yi hamdala, ta yi dariya, ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa duk gari ya ji. Sai ta tsaya. Ta zauna a kan kwali. In an ci jarrabawa, me zai kawo malama ranar Jumma'a? Babu littafi, babu turanci, sai rumbu da "a ci abinci" har ƙarshen rayuwa. Murnar ta koma mata ciki ta zama wani abu mai ɗaci.

Ta roƙi Malam Surajo ya riƙe bakinsa. Ya ce bai gane ba, amma ya ja mata kunne cewa abin da ke cikin waya ba takarda ba ne. Sai ta je Bukkuyum an buga mata shi, ta kai ofis da hannunta kafin Litinin ta sama, in ta wuce ko shi ba shi da abin yi. Ta ce gobe. Matsalar ita ce Bukkuyum ba ta da girman da matar Arzika za ta shiga shagon buga takardu labari bai kai wa Raihana kafin azahar ba. Gobe ta zo ta ce jibi.

Jumma'a Raihana ta zo, aka buɗe littafi, Dija ta shiga tafka kuskure da gangan don a ga har yanzu da sauranta. Ta mayar da jiya gobe, ta bar aikatau masu taurin kai suka yi abin da suka ga dama, ta yi fuskar tausayi. Raihana ta gyara kowane ɗaya ba ta ko yi murmushi ba, ta ƙara mata aikin gida. Dija ta ji daɗi ta kuma ji kunyar kanta, duka a lokaci guda. Mako ya sake juyowa. Malam Surajo ya daina yi mata magana sai da ido, kullum ya nuna mata kalandar bango. Ita ma ta san wauta take yi. Aikin da ta yi wata tara tana fafutuka a kansa ga shi a tafin hannunta, tana kallo zai zube, amma duk safiyar da ta ɗauki mayafin fita sai ƙafarta ta kai ta asibiti maimakon tasha. Ta ce wa kanta bari dai a yi Jumma'a ɗaya tak, ta ƙarshe.

Aka yi ta. Ranar Lahadi da la'asar suka gama babin da suka riga suka gama sau biyu, Raihana ta rufe littafi. Dija ta yunƙura za ta juya kamar kullum. Sai yarinyar ta buɗe jaka ta zaro wata takarda da aka liƙe cikin leda mai ƙarfi, ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu. Ga sunan Dija, ga hotonta da ta zare ido, ga turanci da kiredit a gabansa.

"Adda, gobe aka ruhewa," in ji Raihana, idonta a ƙasa. "Na yi magana da mai mashin, da sassahe za shi zo shi kai ku."

Littafi a rufe yake. Uwani tana gidanta, Arzika yana gona, rumbu na nan inda yake. Dija ta dubi takardar, ta ji kunya ta taso mata tun daga tafin ƙafa, irin wadda aka raine ta da ita da kuma sabuwa ta wanda aka kama. Ba ta juya ba.

"Tun yaushe kinka sani?"

Da Hausa ta faɗa, kuma ita kanta sai da ta ji maganar a kunnenta ta gane abin da ta yi. Raihana ta ɗago kai.

"Tun ranad da yah hito. Ni niy yi maku rajista, lamba na wurina."

"To mi yah hana ki hwaɗi?"

"Abin da yah hana ku, Adda."

Dija ta so ta yi dariya, abin ya fito rabi dariya rabi kuka, ta share da bakin zane. Ta ɗauki takardar da hannu biyu ta ɗora a cinya. A ƙofar gida ɗan kabu-kabun da zai mayar da Raihana ya danna oda, yarinyar ta miƙe ta rataya jaka.

"Jumu'a ki taho," in ji Dija.

"Ba sauran jarrabawa, Adda."

"Na sani. Ki taho."

Raihana ta tsaya da hannu a kan igiyar jaka.

"In taho da littahi?"

"Bar shi can," in ji Dija, tana kallon fuskarta.